Alhakin Cizon Kare Yana Wuyan Mai Kare

A 'yan shekarun nan kiwon manyan karnuka na gadi ya yawaita ƙwarai a biranen ƙasar nan. Duk wanda ya ratsa unguwannin manyan ma'aikata da na attajirai a Kaduna, ko Kano, ko Jos, ko Abuja, zai ga ƙofofi da yawa an kafa musu allo mai hoton kare, ana gargaɗin baƙo da ya yi hattara. Dalilin haka kuwa a fili yake. Sata da fashi da garkuwa da mutane sun tilasta wa magidanta neman kowace irin dabara ta tsare iyalansu, kuma babu mai hankalin da zai ga laifinsu a kan haka. Amma fa tsaron gidan wani bai kamata ya zama sanadin zaman makoki a gidan maƙwabcinsa ba. Abubuwan da suka auku a wurare daban-daban sun nuna cewa lokaci ya yi da hukuma za ta dubi wannan al'amari da idon basira.

A shekarar 2014, a unguwar Igando ta Legas, karnuka biyu da ake kiwo a wani gidan haya suka far wa wani yaro ɗan shekara 4, wanda iyayensa ke haya a gidan, suka yaga masa fatar kai, har sai da aka fitar da shi zuwa Indiya neman magani. A 2021, a garin Nteje cikin Jihar Anambra, karnukan mai wata makaranta suka kashe yaro ɗan shekara 2 a cikin harabar makarantar. A 2023 kuma, a Osogbo, babban birnin Jihar Osun, karnuka suka tare wata mata a hanya tana ɗauke da goyo na wata 5, suka ji mata rauni, suka kashe goyon. Waɗannan su ne waɗanda labarinsu ya yi ƙara har jaridu suka ɗauka. Waɗanda ke aukuwa a ƙauyuka da lungunan birane, inda kare zai ciji almajiri ko 'yar talla a ɗaure ciwon da tsumma a yi shiru, Allah kaɗai ya san yawansu.

Idan aka lura da waɗannan labarai za a ga abu biyu sun haɗa su. Na ɗaya, babu ɓarawo ko ɗaya cikin waɗanda aka raunata ko aka kashe. Ƙananan yara ne da mace mai goyo. Na biyu, kowane ɗaya daga cikin karnukan nan yana da ubangida wanda ya saye shi da kuɗinsa, yake ciyar da shi, yake kuma alfahari da shi a gaban abokai. Duk da haka, abin da aka saba gani bayan irin wannan musiba shi ne jama'a su fusata su kashe karnukan, 'yan sanda su kama maigadi ko yaron gida, a yi kwana biyu ana surutu, sa'an nan maganar ta bi ruwa. Wannan shi ne barin jaki a doki taiki. Kare dabba ne, ba shi da hankalin da za a tuhume shi a gaban alƙali, ba shi kuma da aljihun da zai biya kuɗin asibiti. Maigadi kuwa ɗan aike ne, ba shi ya zaɓi karen ba, ba shi ya ƙi gyara ƙyauren da ya lalace ba. Alhakin yana wuyan wanda ya kawo dabbar cikin jama'a domin amfanin kansa.

Wannan magana tana da tushe mai zurfi a shari'o'in da jama'ar ƙasar nan suka sani. A mazhabar Malikiyya, wadda malaman Arewa ke karantarwa tun ɗaruruwan shekaru, Risala ta Ibn Abi Zaid ta taƙaita ajiye kare ga buƙata uku, watau tsaron gona, da tsaron dabbobi, da farauta. Daga baya malamai suka yi rangwame a kan tsaron gida saboda lalura. Masu sharhin littafin ma sun ruwaito cewa shi kansa mawallafin ya ajiye kare a lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa matsayin Imamu Malik sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. To, amma rangwamen bai zo shi kaɗai ba, ya zo ne tare da nauyi. Muhtasar na Shehu Halil, a babin jini, ya ambaci wanda ya ajiye kare mai cizo bayan an riga an gargaɗe shi, ya sa shi cikin waɗanda ake kamawa da abin da karen ya jawo. Haka nan a Littafin Fitowa na Attaura, sura ta 21, an bambanta tsakanin bijimin da ya soki mutum ba zato ba tsammani da bijimin da aka san shi da suka, aka faɗa wa mai shi bai tsare shi ba. A na biyun, hukunci mai tsanani yana kan mai bijimin.

Dokar Turawa da kotunan Nijeriya suka gada ita ma kusan haka ta tafi. A ƙa'idarta, idan dabbar gida ce irin kare, sai wanda aka ciza ya tabbatar wa kotu cewa mai karen ya riga ya san karensa yana da halin cizo. A wata shari'a da aka yi a Babbar Kotun Legas a 1965, an kama mai kare da laifi domin karen ya taɓa cizon 'yar aikin gidan, an kuma sanar da matar gidan. Kotu ta ɗauki sanin matar a matsayin sanin mijinta. Ta fuskar laifi kuma, dokar Final Kot ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta tanadi horo ga wanda ya yi sakaci da dabbar da ke hannunsa har ta zama haɗari ga rayukan mutane. Ashe ke nan babu wata shari'a, ta addini ko ta boko, da ta yarda mai kare ya kaɗe rigarsa ya ce ƙaddara ce.

Sai dai akwai gibi a nan wanda ya kamata Majalisun Dokoki na jihohi su cike. Sharaɗin nan na cewa sai an tabbatar mai kare ya san halin karensa ya dace da zaman ƙauye na dā, inda kowa ya san karen kowa, kuma in kare ya fara ɓarna nan da nan za a kai ƙara wurin mai unguwa a ja kunnen mai shi a gaban shaidu. A birnin yau kuwa kare yana bayan katanga mai tsawo, maƙwabta ba su taɓa ganinsa ba sai dai su ji haushinsa da dare, 'yan aikin gida kuma tsoron kora ba zai bar su su ba da shaida a kan ubangidansu ba. Ta yaya mai wankin hula ko mai tallar kunu zai tabbatar wa kotu abin da ke cikin zuciyar mai gida? Ma'anar wannan ƙa'ida a aikace ita ce cizon farko kyauta ne, alhali kuwa cizon farko na kare mai nauyin kilo 50 yana iya zama ajalin yaro.

Bugu da ƙari, wanda ya je ya zuba kuɗi masu yawa ya sayi Alsatian ko Rottweiler ko Boerboel, ya kuma biya mai horo ya koya masa kai hari, ba ya buƙatar wani ya zo ya gargaɗe shi. Domin cizon ya saye shi tun farko. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Saboda haka abin da ya fi dacewa shi ne doka ta ɗora wa mai kare biyan diyya da kuɗin magani tun daga cizon farko, ba tare da an nemi shaidar saninsa ba. Faransa ta bi wannan hanya tun a kundin dokokinta na 1804, inda aka ɗora wa mai dabba nauyin ɓarnar da ta yi, ko tana hannunsa ko ta kuɓuce ta ɓata. Adalci ya sa a bar wa mai kare kafa biyu kawai ta kare kansa: idan wanda aka ciza ya hauro katanga ne da mugun nufi, ko kuma baligi ne da ya tsokani karen da gangan. Ɗalibin da ya zo ɗaukar ƙwallonsa, da mai karanta mitar wuta, da mai aiken da ya yi sallama a ƙofa, duk ba su shiga cikin wannan togiya ba.

Akwai masu ganin cewa hanya mafi sauƙi ita ce a haramta wasu irin karnuka gaba ɗaya. Kafin a rungumi wannan shawara yana da kyau a dubi ƙasashen da suka gwada ta. A 1991, bayan wasu munanan hare-hare, Majalisar Birtaniya ta yi gaggawar kafa Dokar Karnuka Masu Haɗari, wadda a ƙarƙashinta aka hana mallakar iri huɗu, cikinsu har da Pit Bull. Duk da haka yawan waɗanda ake kwantarwa a asibitocin Ingila saboda cizon kare ya ci gaba da hawa, har a 2018 wani kwamitin majalisar ya nemi a sake duba dokar. Masu sha'awar mugun kare kuwa sai suka koma ga wani sabon iri, XL Bully, wanda shi ma aka hana mallakarsa ba tare da takardar izini ba a Ingila da Wales daga watan Fabrairu na 2024. Ƙasar Holan ta haramta Pit Bull a 1993, ta kuma janye haramcin a 2008 da ta ga cizo bai ragu ba. Gyaran da ya fi ma'ana a dokar Birtaniya shi ne na 2014, wanda ya sa laifin ya shafi harin da aka kai a cikin gidan mai karen, ya kuma ɗaga horon wanda karensa ya kashe mutum zuwa ɗaurin da zai iya kai wa shekara 14.

Darasin a bayyane yake. Idan ƙasar da ke da rajistar dabbobi da ƙwararru masu tantance iri ta sha wahala haka, yaya ke nan ƙasar da akasarin karnukanta ruwa biyu ne, kuma ɗan sandan da za a tura ba a koya masa bambanta wannan iri da wancan ba? Girman kare da ƙarfin muƙamuƙinsa suna da tasiri a kan munin rauni, babu musu, shi ya sa ya dace a tsananta sharuɗɗan riƙon manyan karnuka. Amma abin da ke mayar da kare mugu galibi aikin mutum ne: ɗaure shi da gajeriyar sarƙa cikin rana wuni guda, da hana shi abinci wai don ya ƙara zafi, da dukansa, da hana shi sabawa da mutane tun yana ɗan kwikwiyo. Wanda ya yi wa dabba haka ya cuce ta, ya kuma ɗana wa unguwa tarko. Addinin da ya ba da labarin gafarar da wani mutum ya samu saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa bai yarda da azabtar da shi ba.

Ban da karnukan gadi na masu hali, akwai wani ɓangare na matsalar wanda ya fi shafar talakawa, shi ne karnukan da ke yawo a kwararo da juji da bakin mahauta, da kuma na mafarauta waɗanda ake ratsa garuruwa da su lokacin rani. Ana kiran yawancinsu marasa galihu, amma in aka bi sawunsu da yamma za a ga kowanne yana da gidan da yake komawa. Haɗarin waɗannan ya wuce rauni, domin su ne ke ɗauke da ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Asiya da Afirka. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunsa, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana shiga ne ta yawun karen, ta bi jijiyoyi sannu a hankali har zuwa ƙwaƙwalwa. Takan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ta bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Da zarar alamunta sun fito, watau tsoron ruwa da firgita da dalalar yawu, kusan babu mai tashi.

Abin baƙin ciki shi ne wannan mutuwa ce da aka san maganin kauce mata tun 1885, shekarar da Louis Pasteur na Faransa ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuma ya rayu. Don haka wajibi ne malaman makaranta da ma'aikatan lafiya su cusa wa jama'a matakan nan. Wanda kare ya ciza a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sa'an nan a garzaya asibiti a ranar don a fara allura, a kuma cika adadinta. Addu'a tana da muhimmanci, amma ba ta hana zuwa asibiti. Shi kuma karen, in da hali a killace shi kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, domin in yana ɗauke da cutar a yawunsa zai nuna alama ko ya mutu cikin waɗannan kwanaki. In kuwa an riga an kashe shi, a bar kansa a miƙa wa ma'aikatan dabbobi su aika Vom ta Jihar Filato, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa take tun 1924, a auna. Jama'ar da suka kashe kare suka ƙone shi cikin fushi sun ƙone shaidar da likita ke buƙata, da wadda alƙali ke buƙata.

Haka kuma fitowa da guba ko bindiga a bi karnukan gari ana kashewa duk lokacin da aka sami ɓarkewar cuta ihu ne bayan hari. Masana sun daɗe da nuna cewa kisan kan mai uwa da wabi ba ya kawar da ciwon, domin cikin ɗan lokaci wasu karnukan kan cike gurbin, ga kuma haɗarin guba ga yara da awaki da kaji. Abin da aka tabbatar yana aiki shi ne yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allurar rigakafi, a maimaita kowace shekara. Ta wannan hanya ƙasar Meziko ta kai ga samun shaidar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 cewa ta kawar da haukan kare da ke kama mutane ta hanyar cizon kare. Hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da ake fatan a daina mutuwa da wannan ciwo, kuma ba za a kai ga wannan buri da bikin ranar 28 ga Satumba kaɗai ba.

A nan ne laifin hukuma ya fito. Tun zamanin Turawa akwai Dokar Karnuka ta 1943, wadda ta tanadi yankar lasin da rataya lamba a wuyan kare, da ikon kama wanda aka samu yana yawo, da matakan hana yaɗuwar hauka. Tsarin Mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya sa kula da ajiye dabbobin gida da zirga-zirgarsu cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Amma sakatarorin ƙananan hukumomi nawa ne za su iya buɗe littafi su faɗi yawan karnukan da ke yankinsu? Ma'aikatan da ba sa kuskuren karɓar kuɗin rumfa a kasuwa ranar ci, su ne suka manta da lasin ɗin kare. Wanda aka ba amanar aiki ya yi watsi da ita yana da nasa kason na alhakin duk jinin da ya zuba.

Gyaran ba ya buƙatar wata sabuwar ma'aikata ko kwamiti mai cin kuɗi. Da farko, kowace ƙaramar hukuma ta buɗe rajistar karnuka ta hannun dagatai da masu unguwanni da sarakunan farauta, kada a ba da lamba sai an nuna takardar allura, a kuma sa kuɗin ya yi sauƙi ga talaka, domin manufar tsaro ce, ba tara haraji ba. Na biyu, mai babban kare na gadi a tilasta masa katanga da ƙyaure masu ƙwari da keji, duba-gari ya je ya gani da idonsa kafin a sabunta lasin, kuma kada a fito da irin wannan kare titi sai da sarƙa da takunkumi a hannun baligi. Na uku, a hana sakin karen gadi a gidan haya na mutane da yawa, da harabar makaranta, da duk inda yara ke kai da kawo. Na huɗu, a buɗe littafin ƙara a ofishin mai unguwa, domin gargaɗin da malaman fiƙihu suka ambata ya zama rubutacce mai kwanan wata. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi, kuma karen da ya taɓa yaga rigar mai wucewa ya riga ya ba da sanarwa. Na biyar, karen da ya yi mummunan hari kotu ta yanke hukuncinsa bisa shawarar likitan dabbobi, in kashewa ce a yi ta ba tare da azaba ba, mai shi kuma a hana shi sake ajiye wani. Na shida, Ma'aikatun Lafiya na jihohi su tabbatar akwai allurar cizon kare a kowane babban asibiti, a yi wa majinyaci nan take, daga baya a bi mai karen ya biya.

Iyaye ma da nasu rabon. Ɗabi'ar nan ta yara ta bin kare da jifa duk inda suka gan shi tana jawo cizo da yawa, kuma a gida da makarantar allo da ta boko ya kamata a hana ta. A koya musu kada su kusanci kare mai cin abinci ko karya mai shayarwa, kada su ruga da gudu in kare ya nufo su, kuma kada su ɓoye cizo ko yaƙushi don tsoron duka, domin ɓoyewar ce ke kai yara da yawa kabari.

Da yawa daga cikin masu manyan karnukan nan su ne kuma ke riƙe da muƙaman da za su iya sa dokar ta yi aiki. Saboda haka gyara ya kamata ya faro daga gidajensu, su fara kai nasu a yi musu allura da rajista, kafin a je kan na mafarauci. Majalisun Dokoki na jihohi kuma su ɗauki batun diyya tun daga cizon farko a zamansu na gaba, kada a jira sai an sake ɗaukar gawar wani yaro. Allah ya tsare zuriyar kowa, ya kuma ba shugabanni ikon riƙe amana.